Yaron da Ya Rubuta 52

'Yan'uwana ɗalibai, ga wani abin da ya same ni sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a Duvu, ƙasar Mubi. Ran nan ina yi wa 'yan aji ɗaya shifta ta lissafi, na ce, "Ku rubuta bakwai." Wani yaro ya rubuta 52. Na sāke faɗi, ya sāke rubuta 52. Haushi ya kama ni, na ba shi sifiri, har na tsai da shi a rana, ina cewa taurin kai ne.

Da aka tashi sai wani tsohon malami ya kira ni, ya ce, "Malam, ka san yadda a ke cewa bakwai da Fillanci?" Na yi shiru. Ya ce joweeɗiɗi, watau biyar da biyu. Ashe yaron ya kan juya maganata cikin harshen da ya tashi da shi, sa'an nan ya rubuta abin da ya ji, 5 da 2. Kunya ta rufe ni.

Tun daga nan na shiga bin ƙirgan mutane. Mutanen Holan su kan fara da ƙaramar lamba: 21 a wurinsu eenentwintig ne, ɗaya da ashirin, kamar yadda Larabawa ke yi. Na Rashawa ya fi ba ni mamaki, don lamba ita ke juya wutsiyar sunan da ke biye da ita. Awa ɗaya odin chas, awa biyu zuwa huɗu chasa, daga biyar kuwa chasov. In an kai 21 sai a komo kan chas, sai ka ce ɗaya tak a ke nufi! Fulani ma su kan bambanta, na'i ɗiɗi shanu biyu, amma yimɓe ɗiɗo mutum biyu.

Mu ma Hausa kada mu yi dariya. Mu kan ce ashirin biyu babu, muna nufin 18, ashirin ɗin ma aro ce daga Larabci. A makarantar mishan an koya mini ƙirga da Turanci har dubu dubu, ba wanda ya taɓa tambayata yadda kakata ke ƙirga awakinta.

Kashegari na kawo tsakuwa, na jera biyar a gefe, biyu a gefe, na haɗa su, na rubuta 7 a allo. Yaron ya duba, ya ce, "Malam, to, ina biyar ɗin ta tafi?" Muka ci sauran darasin kan wannan tambaya.