Tambayar da likita ya yi mani a Kano

Jama'a, yau ba maganar siyasa ko tsadar taki zan yi ba. Maganar gidanmu ce.

A 1998 mahaifiyarmu na tankaɗe a tsakar gida nan Jahun, ta dafe ƙeya ta ce kanta zai tsage. Kafin magariba ta cika. Wasu suka ce sanƙarau ne, wasu suka ce jifa. Muka yi haƙuri, magana ta wuce.

Bara sai ga Yaya, wadda nake bi, da irin wannan ciwon kai sak: farat ɗaya, ga amai, wuya ya sandare. Muka kwashe ta sai Kano. Hoton CT ya nuna jini ya zuba a kewayen ƙwaƙwalwarta. Likita ya ce wata jijiyar jini ce bangonta ya yi rauni, ta yi ƙulu kamar tsohon tiyub ɗin keke, rannan ta fashe. Aniyurizim suke ce masa. Allah ya yi da sauran kwananta, amma har yau hannun hagu bai dawo daidai ba.

Sai ya tambaye ni: "Akwai wanda ya taɓa yin haka a gidanku?" Wallahi sai da jikina ya yi sanyi.

Ashe kusan mutum 3 cikin 100 na yawo da wannan ƙulun ba su sani ba, kuma yawancinsu har su tsufa ba zai fashe ba. Amma idan mutum biyu na jini ɗaya, wato iyaye, 'ya'ya ko waɗanda aka haifa tare, suka yi shi, ana ba sauran shawarar hoton jijiyoyin kai tun suna lafiya. Hawan jini da sigari kuwa su ke ƙara hura wutar.

Na ci bashi kan albashi na yi hoton. Alhamdulillahi, ba a ga komai ba, sai dai an kama ni da hawan jinin da ban san da shi ba.

Ƙanena ne ya ƙi. Ya ce in an gani ma ina kuɗin aiki, gara ya yi barcinsa lafiya. Ban ga laifinsa gaba ɗaya ba, na san abin da manomin shinkafa ke samu. Na dai samu ya yarda a riƙa auna jininsa. Sigarin ce har yanzu muke ja-in-ja a kai.