Bayan an ɗinke ciki

An yi wa mace aikin endometiriyosis, ɗinki ya warke, 'yan dubiya sun watse, amma marar ba ta daina ciwo ba. Wannan matar ce take yawan faɗo mini a rai.

Cutar endometiriyosis, inda nama mai kama da shimfiɗar mahaifa yake tsirowa a wajen mahaifa, tana damun kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya. Tiyata tana cire abin da likita ya gani. Sai dai jijiyoyin da suka shekara suna kai saƙon zafi sukan ci gaba da kaiwa, tsokokin ƙasan mara kuma sukan ɗaure saboda daɗewar wahala. Wani lokaci tabon aikin ne yake manne kayan ciki, ko cutar ta dawo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne a ce mata raki take yi.

Akwai sauran hanya: magungunan da ke tsayar da haila, na kwantar da jijiya, da motsa jiki na sassauta tsokar mara a hannun ƙwararru. 'Yar'uwa, ki koma asibiti, ki faɗi inda yake miki ciwo, kada kunya ta hana ki.