Makarantar Bakin Rumfa a Ogui

Hausawa kan ce gemu ba ya hana ilimi, sai dai ba kasafai suke faɗin irin kunyar da mai gemu yake haɗiyewa kafin ya buɗe baki ya yi tambaya ba. Mu da muka sami Ingilishi a kan benci, bulalar malami na bayanmu, ya kyautu mu san yadda 'yan'uwanmu na Ogui suka sami nasu.

Ogui unguwa ce a Inugu, garin da kwal ya raya bayan an gano shi a 1909, layin dogo kuma ya haɗa shi da Fatakwal a 1916. Fatauci ya kawo Hausawa da shanu da wake da albasa, har aka sami sashen da Ibo ke kira Ama Hausa, wato unguwar Hausawa. A wannan gari ne Malam Umaru Altine, Bafillace daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin gari na farko a shekarun 1950.

Mutum ne zai sauka Ogui yana da shekara arba'in, ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da ajami, amma ya wayi gari tamkar kurma. Maƙwabcinsa ba ya jin Hausa, shi kuma ba ya jin Ibo, saboda haka sai su haɗu a turancin buroka. Malamansa su ne direban tirela, da mai sayar da kayan gyaran mota, da matar da ke sarar tumatir kwando-kwando. Darasin farko ƙidaya ce. Daga nan sai kwastoma da canji da rasit, sannan bambancin adibas da balas, domin wanda ya dangwala yatsa a takardar hayar rumfa bai san wannan bambanci ba yana iya rasa jarin shekara guda. Wanda kuma ya kai matarsa asibiti da tsakar dare, dole ya iya faɗa wa nas inda ciwon yake.

Mun zauna da wani dattijo mai sayar da albasa, ya nuna mana bayan littafinsa na bashi, inda yake rubuta kalmomin Ingilishi da ajami. Ya ce mana, "Malam, kalma ɗaya nake karɓa a wuni wurin Oga maƙwabcina, in gwada ta a kan mai saye na gaba. In an yi dariya, kuɗin makaranta ke nan na biya." Shi ma ba da hannu wofi yake zuwa ba, domin wahala da suya daga bakin irinsa suka shiga buroka.

Abin lura, kowane ɓangare ya raɗa wa ɗan'uwansa suna daga kalmar da ya fi ji. Mun ji Ibo na roƙon ruwa da harshensu, muka ce Inyamurai. Su kuma suka ji muna cewa aboki, suka mayar da shi sunanmu. Dukkan sunayen biyu sun taɓa ɗaukar dafi, musamman bayan rikicin 1966 da yaƙin da ya ƙare a 1970. Waɗanda suka koma Ogui bayan yaƙin, da gaisuwa suka sake farawa, kalma bayan kalma.

Ɗalibanmu sukan yi gum a aji don tsoron kuskuren nahawu, alhali dattijon can ya ɗinke ciniki da kalmomin da ba su cika kwando ba. Haƙƙi ne a kan sashenmu ya aika masu nazari Ogui da Anacha da Fatakwal, su tattaro irin waɗannan littattafan bashi tun gara ba ta riga mu ba.