Araha Ba Ta Ado: Labarin Wani Matuƙin Jirgin Sama a Tudun Murtala

Kano ta daɗe da sanin jirgin sama. A watan Nuwamban 1925 ne jiragen sojan Ingila guda uku da suka taso daga Masar suka sauka a birnin, kuma tun daga zamanin da alhazai suka bar bin hanyar Sudan a ƙasa suka koma tashi ta sama, filin jirgin Kano ya zama ƙofar Makka ga mutanen Arewa. Kamfanin Nigeria Airways ya yi zamaninsa daga 1958 zuwa 2003. Kabo Air, wanda Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa a 1980, shi ma ya yi nasa tashen. A waɗannan shekaru ne surar matuƙin jirgi ta zauna a zukatan Kanawa: mutum mai farar riga da baƙar hula, mai gida a Nassarawa GRA, wanda yake karyawa a Kano ya yi sallar isha'i a Jidda. Zamanin ya wuce, amma surar tana nan.

A Tudun Murtala, unguwar ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa da ke maƙwabtaka da masana'antun Bompai, akwai wani matashi da ya gaji wannan sura ba tare da ya gaji abin da ke cikinta ba. Kowa a layinsu Kyaftin yake ce masa, har limamin masallacinsu. Alhali igiya biyu ce a kafaɗarsa, kyaftin kuwa huɗu yake ɗaurawa. Mataimakin matuƙi ne a ɗaya daga cikin kamfanonin da ke jan fasinja da arahar tikiti. Ya gaji da gyara wa mutane, ya bar su da sunan.

Mahaifinsa tsohon ma'aikacin masaƙa ne, kuma kafin rasuwarsa shi ya sayar da gonar gado da wani fuloti da ya yi shekaru yana tattali, aka kai yaron Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Ranar da ya dawo da lasisi an yi walima a ƙofar gida. Ba wanda ya san cewa lasisin nan, mai awa kamar 200 na tashi a bayansa, rabin hanya ne kawai. Kowane nau'in babban jirgi yana da takardar ƙwarewa tasa daban. Wanda ya ƙware a Boeing 737 ba zai zauna a kujerar ATR 72 ba sai ya sake horo. Horon nan dubban daloli yake ci, kuma galibi a ƙasar waje ake yin sa. Kamfani yana neman mai takardar da kuma awoyi masu yawa, su kuwa awoyin ba sa samuwa sai an ɗauki mutum aiki. Ba shi kaɗai ya faɗa wannan tarko ba. A 2013 gwamnatin Kano, ƙarƙashin Rabi'u Musa Kwankwaso, ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi, kuma da dama daga cikinsu sun dawo da lasisi suka yi shekaru suna jiran kujera.

Shi shekara huɗu ya yi yana jira. Ya zauna a shagon wani ɗan uwansa a kasuwar waya ta Farm Centre, yana liƙa gilashi a fuskar wayoyi. Duk shekara sai ya nemo kuɗin gwajin lafiya don kada takardunsa su mutu. Da kira ya zo daga kamfanin, sharuɗɗan da aka shimfiɗa masa a fili suke. Kamfani zai biya kuɗin horo, shi kuma zai sa hannu cewa ba zai bar aiki ba sai bayan wasu shekaru. In ya tafi kafin nan, zai biya kuɗin da dala. Sai ya kawo mai tsaya masa, kawunsa ya sa hannu da takardar gidansa. Tsayayyen albashi kaɗan ne, sauran kuwa alawus ne da ake lissafawa da awar da jirgi ya yi yana tafiya. Ya karanta, ya fahimta, ya sa hannu. Wanda ya yi shekara huɗu a bakin rijiya ba ya tambayar tsawon igiyar guga.

Sai da ya fara aiki ya gane yadda ake ƙirga awa. Agogon kuɗi yana fara bugawa ne lokacin da jirgi ya motsa daga inda yake fake, ya tsaya lokacin da aka sake faka shi. Zuwa filin jirgi da asuba, duba rahoton yanayi, lissafin mai da nauyin kaya, zagaya jirgi ana duba tayoyi da fikafikai, jiran fasinja, duk ba sa cikin lissafi. Tsakanin Kano da Abuja bai cika awa guda a sama ba. Saboda haka yakan bar gida kafin kiran assalatu, ya yi sawu huɗu, ya dawo bayan isha'i, a rubuta masa awa huɗu ko biyar. Idan hazon hunturu ya rufe Kano, ko tankar mai ta yi jinkiri, zaman da zai yi a ɗakin jira sadaka ne. Idan jirgi ya tafi babban gyara a ƙasar waje ya yi wata biyu, watannin nan biyu da ɗan tsayayyen albashin zai ci da iyali.

Wannan tsari ba a Najeriya aka ƙirƙiro shi ba. Kamfanin Southwest a Amurka, wanda ya fara tashi a 1971, shi ya nuna cewa za a iya karya farashi idan aka tsaya a kan nau'in jirgi ɗaya, aka cika kujeru, aka hana jirgi daɗewa a ƙasa. Ryanair ya ɗauki dabarar ya yaɗa ta a Turai, aka ƙara da cajin jaka da zaɓen kujera. Daga nan tsumulmular ta gangaro kan ma'aikata. Wani bincike da Jami'ar Ghent ta ƙasar Beljiyam ta fitar a 2015 ya gano cewa kusan ɗaya cikin kowane matuƙa shida da aka tambaya a Turai ba ma'aikacin dindindin ba ne a kamfanin da yake tuƙa wa jirgi. Wasu ta hannun dillalan ma'aikata suke, wasu an rubuta su a matsayin masu zaman kansu. A watan Satumban 2017 Ryanair ya soke dubban tafiye-tafiye saboda rikicewar jadawalin hutun matuƙa, kuma a Disambar shekarar ya amince, karo na farko a tarihinsa, zai zauna da ƙungiyoyinsu.

A Najeriya matsin ya fi tsanani, domin kamfani da naira yake sayar da tikiti amma da dala yake biyan hayar jirgi, kayan gyara, inshora da horon da matuƙa ke sabuntawa duk wata shida a na'urar kwaikwayon tuƙi. A farkon 2022 ana sayar da litar man jirgi kimanin naira 190. Kafin watan Mayu ta kai 700, har ƙungiyar masu kamfanonin jiragen ta yi barazanar dakatar da tashi. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kowane bashin dala ya kumbura. Mai kamfani ba shi da iko a kan farashin mai, ba shi da iko a kan dala. Abin da ke hannunsa shi ne albashi da jadawali, don haka can yake matsawa. A watan Agustan 2020, lokacin annobar korona, Air Peace ya sallami matuƙa kimanin 70. Kowane ƙaramin matuƙi a ƙasar ya ji wannan labari, ya kuma san cewa akwai ɗaruruwa a waje masu jiran kujerarsa.

Duk wannan lissafi ba ya shiga Tudun Murtala. A can, ɗan unguwa ne da Allah ya ɗaga. Mai takardar asibiti ƙofarsa yake zuwa, haka mai aurar da 'ya, haka mai neman a sa ɗansa aiki ko da na ɗaukar kaya ne. Wata gwaggonsa ta yi fushi da shi wata shida don bai samo mata kujerar Umra ba. Yakan bayar da abin da ya sawwaƙa, ya haɗiye sauran bayani, domin ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Da zai ce a wasu watannin ɗan uwan nan nasa mai shagon waya ya fi shi shigar kuɗi, rowa za a ce yana yi.

Abin da ya fi kuɗi nauyi ya same shi ne a wata bazara. An yi jinkiri a Legas, bai iso gida ba sai dare ya raba. A takarda, hutun da doka ta ajiye tsakanin aiki da aiki ya cika, domin takarda daga lokacin da aka tashi daga aiki take ƙirgawa. Ba ta san hanya ba, ba ta san cewa unguwar ta kwana uku ba wuta ba, ba ta san zafin Afrilu a ɗakin kwano ba, ba ta kuma san cewa 'yarsa ta kwana da zazzaɓi ba. Bai runtsa ba sai kusan asuba. Da ya tashi ya sa rigar aiki, sai ya ga ya karanta saƙon jadawali sau uku bai riƙe lambar jirgin ba.

Mahaifiyarsa tana kan darduma a tsakar gida. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

“Kai ɗan nan, da waɗannan idanun za ka ɗauki mutane?”

“Hajiya, in ban je ba, sawu huɗu ne suka tafi. Ga kuɗin maganin yarinya, ga na haya ya kusa.”

“Su mutanen da za su hau, sun san ba ka yi barci ba?”

Bai amsa ba. Dokar tuƙin jirgi a ko'ina ta wajabta wa matuƙi ya janye idan ya san gajiya za ta taɓa aikinsa. Amma dokar ba ta ce a biya shi ranar ba. Ya ɗauki waya ya shaida wa ofishin tsara tafiye-tafiye cewa bai cancanci tashi ba saboda gajiya. Aka ce an ji. Ba wanda ya yi masa faɗa, ba takardar gargaɗi. Sai dai jadawalin watan da ya biyo baya ya fito da sunansa a wurare kaɗan, kuma ba wanda zai iya rantsewa ko hukunci ne ko kuwa haka rabon ya faɗo. Wannan rashin tabbas ya ishi sauran abokan aikinsa darasi.

A nan ne batun albashin matuƙi ya daina zama nasa shi kaɗai. A ranar 12 ga Fabrairun 2009 jirgin kamfanin Colgan Air ya faɗo kan wani gida kusa da birnin Buffalo a Amurka, mutum 50 suka mutu. Masu bincike sun ɗora babban laifin a kan yadda kyaftin ya amsa gargaɗin na'ura, amma zaman sauraron ba'asi ya fito da abin da ya girgiza jama'a: mataimakiyarsa, mai shekara 24, albashinta bai wuce dala dubu 16 a shekara ba, kuma daga yankin Seattle, can ɗaya gefen ƙasar, ta kwana tana tafiya don ta iso wurin aiki. Bayan nan aka sauya dokokin hutu, aka kuma sa sharaɗin awa 1,500 ga mataimakan matuƙa a 2013. Mutanen Kano kuwa ba sa bukatar a gaya musu cewa lafiyar jirgi ta shafi har wanda bai taɓa sayen tikiti ba. Jirgin EAS da ya faɗo a ranar 4 ga Mayun 2002 cikin gidajen Gwammaja ya sauka.

Ba a ce arahar tikiti laifi ba ce. Lokacin da hanyar Abuja zuwa Kaduna ta zama abin tsoro, aka kuma kai wa jirgin ƙasa hari a ranar 28 ga Maris 2022, tikiti mai sauƙi ya zama rufin asiri ga ɗan kasuwar Kwari da malamin jami'a da mai kai marar lafiya. Ba kuma duk matuƙa ke cikin ƙunci ba. Manyan kyaftin suna samun abin da ya dace, waɗanda awoyinsu suka cika kuwa kamfanonin Dubai da Doha suna zawarcinsu. Nauyin a kan na ƙasa yake, masu bashi a wuya da ƙarancin awa. Abin da ƙungiyar matuƙa da injiniyoyin jiragen sama, wato NAAPE, da hukumar NCAA ya kamata su sa wa ido shi ne tsarin biyan kansa: tsayayyen albashin da zai riƙe gida ko an tashi ko ba a tashi ba, bashin horo da ke raguwa da kowace shekarar aiki, da kariya ga wanda ya ce ya gaji. Muddin faɗin gaskiya zai ci wa mutum kuɗin cefane, za a samu ranar da wani zai yi shiru.

Shi dai yana nan yana rubuta awoyinsa a littafin tashi, layi bayan layi, yana nufin 1,500 da za su ba shi damar neman babban lasisi. Kwanan baya wani dattijo a unguwar ya zo da ɗansa mai shirin gama sakandare, ya ce yana tunanin sayar da fili ya kai shi Zariya. Bai hana shi ba. Ya ɗauko takarda ya ja layi uku.

“Baba, wannan kuɗin makaranta ne, shi kowa ya sani. Wannan na horon nau'in jirgi ne, da dala. Na ukun kuwa abin da zai ci ne a shekarun da zai yi yana jira. In filin zai ɗauki ukun, bismillah, aiki ne mai daɗi, ban taɓa ganin fitowar rana daga sama na ƙoshi ba. In na farko kaɗai zai ɗauka, a dakata tukuna.”

Dattijon ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce zai yi shawara da 'yan uwansa bayan sallar Juma'a.