Lissafin Rana da Lissafin Dare

A ƙasar Dawakin Kudu da maƙwabtanta, Kura da Bunkure, matashi yakan tashi ne da lissafi iri biyu a kansa. Na farko lissafin rana ne, wanda ake yi a bakin kanal: kuɗin hayar gona, buhun taki, man injin ban ruwa, ladan masu dashe, da farashin kwandon tumatir a kasuwar Kwanar Gafan. Na biyu lissafin dare ne, wanda ake yi a gidan kallo da teburin mai shayi: nawa aka sayi wane, nawa ne albashin wane a mako, wace ƙungiya ce ta fi zuba kuɗi a kakar bana. A lissafin rana mukan ja ciniki a kan naira 500 har jijiyar wuya ta tashi. A na dare kuwa, sai ka ji saurayin da bai biya kuɗin shayin jiya ba yana cewa, "Ai fam miliyan 80 araha muka same shi."

Ni ma ɗan wannan majalisa ne. Tun ina firamare nake goyon bayan Barcelona, kuma karatun da na yi a jami'a kan tattalin arzikin noma bai rage mini wannan ƙauna ba. Abin da ya ƙara mini shi ne ɗabi'ar auna kowace magana da ma'auni ɗaya, ko ta gona ce ko ta filin wasa.

Babbar gardamarmu, wadda ta shekara fiye da goma ba ta mutu ba, ita ce tsakanin Messi da Cristiano Ronaldo wa ya fi. Masoyan Messi su kawo kyautar Ballon d'Or guda 8 da Kofin Duniya na 2022 a Ƙatar. Masoyan Ronaldo su kawo tasa guda 5, da kofin Zakarun Turai 5, da yadda ya yi fice a Ingila da Sifaniya da Italiya. Na lura cewa kowa yakan zo da mudunsa ne daga gida, kamar dillalin da ke saye da babban mudu yana sayarwa da ƙarami. Shi ya sa wannan musu ba ya ƙarewa, kuma ban ga laifinsa ba. Yana koya wa yaro riƙe hujja da tuna shekara da lamba, yana kuma tara ɗan mai gona da ɗan ƙwadago a benci ɗaya, kowa da bakin magana.

Gardamar da ta fi damuna ita ce ta kuɗi. Akwai masu cewa kofi sayensa ake yi. Hujjarsu Chelsea bayan Abramovich ya saye ta a 2003, da Manchester City bayan attajiran Abu Dhabi sun karɓe ta a 2008. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin tuwon girma miyarsa nama. Sai dai tarihi ya ajiye wa ɗaya ɓangaren nasa shaidun. A 2017 PSG ta biya Yuro miliyan 222 ta ɗauke Neymar daga Barcelona, farashin da ba a taɓa jin irinsa ba, amma ba ta ɗaga kofin Zakarun Turai ba sai a 2025, bayan Neymar da Messi da Mbappe duk sun bar ta. Ƙungiyar da nake so kuwa ta kwashi kuɗin Neymar ta sayo Dembele da Coutinho, kowanne a kan fiye da Yuro miliyan 100. A 2020 Bayern Munich ta lallasa ta da ci 8 da 2, biyu daga ciki Coutinho ne ya zura su yana zaman aro a can. Shekara guda bayan haka, Messi ya bar gidan da ya rene shi yana hawaye, saboda asusu ya kasa ɗaukar albashinsa.

Wata rana muna cire ciyawa a fangalin albasa, ina ba Baffana wannan labari, sai ya ɗago ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, da kake ta cewa 'mun saya, mun sayar', da kai aka haɗa kuɗin?" Na ce, "A'a, Baffa." Ya ce, "To ku dai kuna ƙirga shanun Fulani daga bakin hanya." Da na gaya masa cewa a 2010 mutum ukun da suka zo kan gaba a zaɓen gwarzon duniya, Messi da Iniesta da Xavi, duk a makarantar renon yara ta Barcelona suka tashi, sai ya gyaɗa kai. "Wannan na gane shi," in ji shi. "Wanda ya reni irinsa ya san abin da zai dasa. Wanda ya sayi dashe a hannun wani kuwa, sai ya fara 'ya'ya zai san abin da ya saya."

Wannan magana ta Baffa ita ce ta haɗa mini lissafin nan biyu. Yankinmu ya san darajar kuɗin da aka zuba a tushe. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ita ce ta mayar da ranin Kura da Bunkure da Kadawa lokacin shinkafa da alkama da tumatir. Waɗanda suka haƙa waɗannan kanal yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, amma har yau ruwansu muke sha. Mun kuma san ciwon sayar da abu ɗanye. Idan tumatir ya yi kwari a kaka, manomi yakan sallama kwando a wulaƙance don gudun ruɓewa, sannan da damina matarsa ta aiki yaro kanti ya sayo na gwangwani da tsada.

Haka muke yi da ƙwallo. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/2010, ya tafi Holan, ya wuce CSKA Moscow, daga nan Leicester ta saye shi a 2016 a kan kimanin fam miliyan 16. Babban cinikin a can aka yi shi, tsakanin Rasha da Ingila. Mu da ya taka leda a gabanmu a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, sai muka koma biyan kuɗin shiga gidan kallo don mu gan shi a allo. Shi dai ya yi halacci, ya gina cibiyar wasanni a Kano, ya kuma dawo ya sa rigar Pillars a 2021. Tambayar tana kanmu: yara nawa irinsa suka ruɓe a kwando tun ba a kai su kasuwa ba?

Ina da ƙane ɗan shekara 14 wanda ƙafarsa ta hagu ke sa manya su tsaya da kekensu a gefen fili. Filin da suke wasa fegi ne da mai shi bai tashi gini ba tukuna. Duwatsu biyu ne ragarsu, ƙwallonsu kuwa ta sha ɗinki har ba a gane launinta. Ya san sunan kowane ɗan wasan benci na Real Madrid, amma ranar da na gaya masa cewa Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar a 2009 har ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Zakarun Afirka, sai ya zaci zolayarsa nake. Bai san ta ci gasar Nijeriya sau huɗu ba, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Lokacin da ta faɗa rukuni na biyu a 2022, majalisarmu ba ta ba labarin minti goma ba, alhali mun kwana uku muna jimamin rashin nasarar wata ƙungiya a Landan. Kowa ya daka ta wani, zai rasa turmin daka tasa.

Ga wani ɗan lissafi da kowa zai iya yi da yatsunsa. Idan matasa 50 suka biya naira 200 kowannensu sau biyu a mako, an tara naira 20,000 ke nan a gidan kallo guda. Ban ce a rufe gidajen kallo ba, domin masu su ma abinci suke nema, kuma ni kaina ba zan iya barin wasan Barcelona da Madrid ya wuce ni ba. Amma da a ce kowace majalisa za ta ware kuɗin kallon wasa ɗaya a wata, da an sayi ƙwallo da riguna, an ba wani tsohon ɗan wasa ɗan abin sabulu ya riƙa koyar da yara da yamma, an shirya gasa tsakanin Tamburawa da Tsakuwa da Gano bayan an kwashe amfanin rani. Manomanmu sun daɗe da sanin haɗa hannu wajen yashe kanal idan ya cushe, domin ruwa ba ya isa gonar ƙarshe sai kowa ya gyara gabansa.

Zan ci gaba da cewa Messi ya fi, abokaina su ci gaba da ƙaryata ni, kuma da wuya ɗayanmu ya sauka daga kan bakansa. Abin da nake fata shi ne, cikin sunayen da 'ya'yanmu za su yi musu a kansu nan da shekara ashirin, a sami ko da guda ɗaya wanda aka rena a Dawakin Kudu, wanda idan suka ce "namu ne" babu dattijon da zai tambaye su ko da su aka haɗa kuɗin.