Abin Da Na Gani A Tsibirin Kuba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwa labarin Kuba, inda na sauka a 2023.

Kuba tsibiri ne, mil 90 kudu da Amurka, babban birninta Habana. Da can arzikinta rake ne, har ana kai sukarinta ko'ina cikin duniya. A 1959 Fidel Kastro ya karɓi mulki, daga baya ya bi tafarkin gurguzu, watau gwamnati ce mai manyan gonaki da masana'antu da kantuna. Amurka, wadda ita ce babbar mai sayen sukarin, ta ƙaƙaba mata takunkumin ciniki a 1962. Sai Tarayyar Sobiyet ta tsaya mata, tana sayen sukari da kuɗin da ya fi na kasuwa, tana ba ta man fetur. A 1970 aka sami sukari wajen tan miliyan 8 da rabi.

To, amma kayan aro ba ya rufe katara. Da Sobiyet ta wargaje a 1991, sai arzikin Kuba ya ragu da wajen sulusi. Mai ya yanke, taraktoci suka tsaya, aka koma huɗa da shanu, ma'aikata suka hau kekuna. A 2002 aka rufe kusan rabin injunan matse rake. Girbin 2022 kuwa bai ko kai tan dubu 500 ba. Ƙasar da ta shayar da duniya sukari, ga ta tana sayo shi daga waje!

Na ga wannan da idona. Kowane gida yana da ɗan littafin rabo, su kan kira shi libreta, da shi a kan sayi shinkafa da wake da sukari da araha, amma rabon ba ya kai wata. Mutane su kan yi sammako su yi layi, wutar lantarki ta kan ɗauke sa'o'i da yawa. Abin da su ke samun kuɗin waje da shi yanzu shi ne likitocin da su ke aikawa ƙasashe, da baƙi 'yan yawon buɗe ido, da taba, da ƙarfen nikel, da aiken 'yan'uwansu na Amurka. Tun 2021 an yarda mutum ya kafa ƙaramin kamfani nasa. Kantunan nan akwai kaya, sai dai albashin malami ba ya isa gare su.

Gaskiya, karatu da magani kyauta ne, da wuya ka ga wanda bai iya karatu ba. Waɗansu su kan ɗora wa takunkumi laifin wahalar, waɗansu su ɗora wa gwamnati. Ni dai abin da na ɗauko shi ne, ƙasar da ta dogara ga shuka guda da mai saye guda, ran da mai sayen ya faɗi, tare za su faɗi.

Allah ya ba mu ikon lura, amin.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta, Zariya.