Maƙerar Baffa a Kontagora

Gidanmu gidan maƙera ne, kuma a irin gidan nan ba a tambayar yaro ko yana son sana'a. Da zarar hannunsa ya yi ƙwari, sai a zaunar da shi bayan zuga-zugi. Haka aka yi wa mahaifina, haka aka yi mini a Kontagora cikin shekarun 1980, zamanin Sarkin Sudan Sa'idu Namaska. Da safe boko, bayan azahar makarantar allo, abin da ya rage na yini kuwa na Baffa ne, yayan mahaifina, wanda maƙerar ke hannunsa.

Rumfa ce kawai ta tsohon kwano, hayaƙi ya mayar da ita baƙa ƙirin. Ga uwar maƙera an kafe ta a ƙasa, ga masaba da awartaki, ga wani fasasshen tulu cike da ruwa. Zuga-zugin na fatar akuya ne guda biyu, bakinsu ya haɗu a bututun yumɓu. Ka danna dama, ka ɗaga hagu, kada iska ta yanke. In gyangyaɗi ya ɗauke ka, ba sai Baffa ya waiwayo ba, launin wutar zai kai masa ƙararka. Gawayi kuwa sai na ƙirya. Ko kyauta aka kawo masa na wani itace ba ya karɓa, ya ce wannan na masu shayi ne, tartsatsi da toka, babu zafi.

A zamaninmu ba wanda ke narka tama, sai dai labarinta a bakin tsofaffi. Ƙarfenmu daga titi yake zuwa. Kontagora na kan babbar hanyar da ta taso daga Legas, ta bi Ilori da Jebba da Mokwa, ta wuce Yawuri har Sakkwato, ga kuma wadda ta fito daga Tegina. Manyan motoci ba sa yankewa, kuma duk inda mota ke bi da kaya fiye da kima, sifirin zai karye. Baffa kan zagaya wurin makanikai, ya ɗaga guntun sifirin da yatsu biyu, ya ƙwanƙwasa shi da ƙusa, ya kasa kunne. Wani ya ajiye gefe, wani ya jefar ba tare da ya ce uffan ba. Daga ƙarfen da ya sha ɗaukar buhunan gyaɗa da shanu zuwa Kudu ake fitar da gatari da lauje da wuƙa, falankin ƙarfe mai kauri kuma ya zama garma da fartanya.

Wata biyu kafin ruwa ya sauka, barci ya ƙare a gidanmu. Manoma na shigowa daga Madara, Masuga, Tungan Kawo da Rafin Gora, ga Kambari daga tungayensu, ga Dukkawa daga wajen Rijau. Baffa ba ya miƙa wa mutum fartanya haka nan. Sai ya ce ya miƙe tsaye, ya dubi tsawonsa, ya dubi tafin hannunsa, ya tambaye shi ko gonarsa jigawa ce ko fadama, ko akwai tsakuwa. Ta mai fadama dabam, ta mai jigawa dabam, ta tsoho mai ciwon baya kuma a ƙara mata tsawon ƙota. Ni a lokacin ɓata lokaci nake ganin wannan, don kafaɗata ce ke biyan kuɗin hirar.

Akwai ranar da wani dattijo Bakambare ya zo da fartanya a rataye a kafaɗa, ta cinye har ta kusa kai wuya. Suka gaisa.

"Sannu da wuta, maƙeri."

"Yawwa, sannu da hanya, Baba. Ya mutan gida? Ya shirin damina?"

Baffa ya karɓi fartanyar, ya goge wuyanta da babban yatsa har zane uku da yake yi wa duk abin da ya ƙera suka fito. Ya juya ta, ya duba bakin, ya daɗe yana dubawa.

"Tawa ce. Amma ba kai ke noma da ita ba."

"Ni ne mana."

"A'a, Baba. Bahago ke riƙe ta. Dubi gefen da ta cinye."

Dattijon ya yi dariya har ya zauna a kan kututture. Ashe ɗansa ne ya ƙwace ta tun bara waccan, ya ce duk gidan babu mai daɗin hannu kamarta. Baffa bai ce komai ba, sai ya ce mini in ƙara iska. Amma na ga fuskarsa, kuma har dare yana ba mahaifina labarin, yana maimaita maganar daɗin hannun nan. A ranar ya ƙera wa yaron sabuwa, ya karkata bakin yadda zai dace da hannun hagu, ga mutumin da bai taɓa gani ba.

Nan ne, a ganina, gamsuwar Baffa take. Aikinsa yana dawowa gare shi. Fartanya ta tafi gona ta yi damina biyu ko uku, ta komo da labarin inda ya yi daidai da inda ya gaza. In ta tsage, ya san wuta ce ta yi yawa ko ya yi gaggawar tsoma ta a ruwa, kuma mai ita zai zo ya tsaya a gabansa ya faɗa masa, gaban jama'a. In ta yi kyau, shi ma zai ji. Ya san gonakin da ƙarfensa ya nome, ya san gidajen da suka ci tuwo da shi. Da kaka in jakuna da kekuna suka fara shigowa gari da dammunan dawa, yakan tsaya a bakin rumfa yana kallo kamar nasa ne. Wasu ma nasa ne, domin yawancin cinikin bazara bashi ne, sai an girbe a biya, wani da kuɗi, wani da dami, wani da kaza da ban haƙuri.

Ba na son a ɗauka wai rayuwar daɗi ce zalla. Ƙwaurin Baffa da hannayensa duk tabon ƙuna ne, idanunsa kullum ja, tari kuma bai bar shi ba har ya koma ga Allah. Akwai masu cin bashi su sauya hanya. Akwai shekarar da ruwa ya yi gardama, kowa ya zo da hannu biyu babu komai, muka sha kunu da dare. Shi kansa ba ya yi wa sana'ar kirarin da ya wuce kima. Yakan ce kakanninmu sun ƙera mashi da kibiya da takobi a zamanin yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan kafa garin da Umaru Nagwamatse ya yi, har zuwa 1901 da Turawa suka ci Kontagora a hannun Sarki Ibrahim. Yakan ƙara da cewa har mari sun ƙera, sannan ya yi shiru. Ina jin yana sane da cewa jikokin waɗanda aka kai wa hari da wancan ƙarfen su ne ke zaune a rumfarsa suna jiran garma, kuma wannan cinikin ya fi kwanta masa a rai.

Bayan 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP, Naira ta faɗi, kayan waje suka yi tsada, taraktar haya ta zama sai mai hali. Jama'a suka koma wa garmar shanu, aiki ya ƙaru a maƙera: gyaran baki, sauya ƙusa, ƙera abin da a da sai an sayo. A shekarun ne aka yi ritayar fatar akuya, aka kawo fanka mai ƙafar keke da ake juyawa da hannu. Ƙannena sun samu sauƙi. Ni kuwa hankalina ya riga ya tafi wajen yaran da iyayensu ke aiki a Kwalejin Ilimi ta Tarayya ko a barikin soja, masu zuwa makaranta da farar riga babu ɗigon gawayi. Baffa bai hana ni ba. Cewa ya yi, "Je ka, ɗan nan, alƙalami ma sana'a ce. Allah Ya sa albarka."

Albarkar ta samu, alhamdu lillahi. Na yi aikin ofis shekaru masu yawa, na ci, na ciyar. Sai dai takarda in ta bar teburina ta tafi ke nan. Na rubuta, na sa hannu, na tura gaba, ban san ko ta gina rijiya ko ta kwana a kabad ba. Ba wanda ya taɓa dawo mini da fayil ya ce ɗansa ya ƙwace don daɗinsa. Ranakun da na fi jin na yi aiki su ne waɗanda wani tsoho ya zo neman haƙƙinsa na fansho, na tashi da ƙafata na bi masa ofis-ofis har aka gama, na ga fuskarsa.

Yau ɗan Baffa ne ke riƙe da wurin. Rabin rumfar ya zama shagon walda, ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe, da janareto mai cin mai. Maganin feshi ya rage noman hannu, matsalar 'yan bindiga a yankunan Mariga da Rijau ta raba mutane da yawa da gonakinsu, wasu tsofaffin abokan cinikinmu ma yanzu a cikin gari suke zaune a gidajen 'yan'uwa. Ƙirya ta yi wuya, masu gawayin sayarwa sun cinye na kusa. Ɗan Baffa ya gaya mini ƙofa ɗaya ta fi masa fartanya ashirin riba. Duk da haka, in bazara ta yi yakan kashe janareto da yamma ya hura wuta, don akwai gidajen da tun kakanninsu ba sa sayen fartanyar kasuwa. Na tambaye shi ko 'ya'yansa na koyo. Ya ce babban yana son walda, ƙaramin kuwa sai an kore shi daga bakin wuta kafin ya tafi Islamiyya.